Kukana kan makullin ƙofar roba

Malam Edita, assalamu alaikum. A ba ni fili in koka kan ƙofofin roban nan na uPVC da suka cika gidajen haya a Agege. Tawa sai ka ɗaga hannun sama kafin makulli ya juya, da ta fara cijewa na yi ta dannawa da ƙarfi har giyar ciki, wato na'urar da ke tura sakatun ƙofar, ta karye, ranar a shagon maƙwabci na kwana wallahi. Wani kafinta wai sai an canza ƙofar dungurungum, ji fa! Ashe ƙofar ce ta ɗan sauka. Mai gyara ya saita ta, ya sa sabuwar giya, silindar kuwa, wato ƙarfen da ake zura makulli a ciki, sukuru ɗaya ke riƙe da ita, ya ce in auna tsawonta kafin in tafi Mushin sayen wata.

Naku, mai karatu daga Agege, Legas.