Game da tagogin gidan nan naka

Assalamu alaikum mutumina,

Ya iyali, ya baƙunta a sabon gida? Allah Ya sanya alheri. Na ga saƙonka kan tagar da hannunta ya karye, da tambayarka ta yadda za ka gano kamfanin da ya ƙera ta tunda mai gidan na baya bai bar maka ko takarda ɗaya ba.

Abin da nake so ka riƙe tun farko, sunan da ka fara gani ba lallai shi ne mai tagar ba. Sau da yawa kamfani ɗaya ne ya yi gilashi, wani ya yi makulli da hannu, wani daban ya haɗa firam ɗin, to idan ka ga an buga Roto ko Truth a jikin hannun, masu kayan ƙarfen ne kawai. Kuma kai wannan ma ya ishe ka, ai hannun kake nema ba duk tagar ba. Ka kwance shi ka juya bayansa, galibi akwai lamba a wurin.

In kuma asalin kamfanin kake so, buɗe tagar gaba ɗaya ka haska tocila a gefen firam da samansa, wurin da ba a gani idan an rufe, nan ake manna sitika. Don Allah kar ka bari mai fenti ya shafe ta. Sai kusurwoyin gilashi huɗu, akwai ɗan ƙaramin tambari fari-fari da ba ya goguwa. Kamfanin tagogi na Andersen misali a nan suke sa alamarsu har da lokacin da aka yi gilashin. Idan ka ga EN 12150 ko ANSI Z97.1, wannan ba sunan kamfani ba ne, yana nufin gilashin na kariya ne. Mai EN 12150 gasasshe ne, wanda in ya fashe sai ya dagargaje ƙanana-ƙanana, kuma ba ya yankuwa, sai dai a yi odarsa daidai awo.

Gilashin falle ɗaya ne ko biyu? Kunna ashana da daddare ka kara kusa da shi. Falle biyu zai nuna maka harshen wuta huɗu, in ɗaya daga ciki launinsa ya bambanta to akwai shafen nan na Low-E mai tare zafi. Ka kuma leƙa siririn ƙarfen da ke tsakanin fallayen, wasu na buga suna da shekara a kansa, rubutun ƙanana ne sosai, ɗauki hoto da waya ka zuƙo.

Firam kam ba wuya. Maganaɗisu zai kama ƙarfe amma ba zai kama alminiyom ba, na roba kuma za ka ga kusurwarsa narkewa aka yi aka haɗe.

Idan duk ka duba ba ka ga komai ba kar ka damu, tagogi da yawa ƙananan masu haɗawa ne suka yi su ba tambari. Auna tazarar ramukan noti daga tsakiya zuwa tsakiya, ka lura ko mai turawa gefe ce ko mai buɗewa kamar ƙofa, sannan ka tafi da tsohon hannun wajen mai sayarwa. Ni a ganina wannan ya fi bin suna sauri.

Turo min hotunan in duba maka. A gaida madam da yara.

Naka abokinka.