Wasiƙa daga bakin Kogin Haɗeja

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da harkar kasuwa a can Kumasi. Mu nan sai godiya. Innarka lafiyarta ƙalau. Jiya na same ta tana tsintar wake a ƙofar ɗaki, ta ce in gaya maka goron da ka aiko ya iso, har ta raba wa maƙwabta.

Maganar ruwa ce ta sa na ɗauki alƙalami. Marka ta kankama, kogi ya fara lasar gindin jinga. Ka san halin ƙasarmu ta Auyo: ruwan da ke cin mu yawanci a Kano yake sauka. In madatsun Tiga da Challawa suka tumbatsa, nan yake gangarowa, ya tarar ciyawar kachalla ta toshe masa hanya, sai ya bazu cikin gonaki da gidaje. Sai ka ga sama garau, rana ƙwal, amma ruwa na shigowa gari ta bayan gida. Mai unguwa ya kira gayya, kwana uku muna ɗura buhunan yashi muna ɗaga jinga, har yanzu ƙuguna bai dawo daidai ba.

Ka tuna abin da ya same ni a ambaliyar 2022. Ban taɓa ba ka labarin dalla-dalla ba, don kunya. Da ruwa ya shigo cikin dare, na kwashi yara da uwargida muka yi tudu, na manta awakina huɗu suna ɗaure a turke. Akuya in an sake ta, ko kan katanga ce za ta hau. Igiyar da na ɗaure su da hannuna ita ta kashe su. Kaji kuwa a akurki suka mutu, don na toshe ƙofar saboda muzuru. Karen gidanmu, da ba wanda ya tuna da shi, shi ya riga mu isa makarantar firamare inda muka fake.

Shi ya sa bana da dabbobi na fara. Shanun huɗarka biyu da tumakin Inna na haɗa su da nawa, ƙanena ya kora su jigawa wajen kawunmu tun ranar Asabar. Mutane na ta yi mini dariya, wai ruwa bai zo ba na yi gudun hijira. Na ce su yi ta yi, wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake. Sa ba jariri ba ne da za ka saɓa a kafaɗa cikin duhu, ruwa iya ƙirji. Kafin su tafi na kira malamin dabbobi ya ba su maganin tsutsar ciki da na hanta, don kiwo a fadama bayan ruwa ya janye shi ke kawo ciwon hanta, tsayuwa cikin taɓo kuma ta ruɓar da kofato. Harawa da dusa na ɗora su kan rumfa. Tantabarun ɗanka na bar su, su da ke da fiffike, ƙofarsu kawai nake bari a buɗe. Kyanwar Inna ce ta gagare ni, na sama mata kwando ta ƙi shiga.

A gida kuma, gero da shinkafar da suka rage a rumbu na juye a buhuna, na kai ɗakin siminti na wani abokin ciniki a Haɗeja. Takardar gonarka, katin ɗan ƙasa, katin zaɓe da takardun makarantar yara suna cikin leda biyu a jaka guda, rataye a ƙusa kusa da ƙofa, tare da tocila da maganin hawan jinin Inna. Mun yashe kwata. Na kuma tanadi jarkoki biyu na ruwan sha, don rijiya in ambaliya ta haɗa ta da masai, amai da gudawa ne ke biyo baya.

To, ga inda nake neman hannunka. Inna ta ƙi tashi. Ta ce a ɗakin nan ta haife ku, a nan Malam ya cika, ruwan da bai kore ta shekara hamsin ba ba zai kore ta bana ba. Ɗakin kuwa ka san shi, ginin ƙasa ne, gindinsa ya riga ya jiƙe, da yatsa na danna ya lotsa. Na ba ta labarin Maiduguri, yadda madatsar Alau ta ɓalle cikin dare a watan Satumba na 2024 mutane na barci, har kadoji da macizan gidan zu suka fito cikin gari. Na ba ta na Mokwa, inda ruwa ya zo da asuba a ƙarshen Mayun 2025 ya ci fiye da mutum 150. Ta saurare ni tsaf, ta ce Allah ya jiƙansu, ta ci gaba da tsintar wakenta.

Ni ɗan maƙwabta ne, akwai iyakar abin da zan iya faɗa mata. Kai ka kira ta. Kada ka ce mata gudun ruwa, ka ce yayarka na son ta zo Haɗeja ta yi mata wata guda, ta ga jikoki. Na riga na yi magana da mai mota, ko gobe ta yarda zai zo har ƙofar gida, tun hanya ba ta yanke ba. In ta yanke sai kwale-kwale, ka kuwa san Inna da kwale-kwale.

Sai maganar ragon nan naka mai ɗingishi. Bai iya tafiyar jigawa ba, yana nan gidana. Ina ganin a sayar da shi ranar kasuwa a sayi buhuna da siminti a tallafi gindin ɗakin Inna, amma ba zan taɓa shi ba sai na ji daga bakinka.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. Ina jiran kiranka kafin Juma'a.

Naka amini,
daga Auyo.