Zuwa ga ɗana a Leiden

Assalamu alaikum. Saƙon da ka aiko ta hannun kawunka ya iso, har da littafin nan na koyon harshen Holan, don ka san halina. Kwana uku na yi a zaure ina fama da shi, shayina yana hucewa.

Mutanen nan suna da dabara. Mu mukan ce gidan sauro, jirgin sama, uwar kalma a gaba. Su kuwa sai su manne kalmomin wuri ɗaya, uwar ta koma ƙarshe, kuma ita ke yanke jinsi: het ziekenhuis, gidan marasa lafiya, saboda huis, wato gida, da kalmar jinsi het yake tafiya. Safar hannu ma wai handschoen, takalmin hannu! Nauyin murya galibi a kan kalmar farko yake sauka, ko da yake stadhuis, wato zauren majalisar gari, ya yi gardama. Wadda ta tsaya mini a rai ita ce massagebed. Ka yanka ta massa-gebed, addu'ar taron jama'a ce. Ka yanka ta massage-bed, ta zama gadon tausa. Ka kula da bakinka a masallacinku.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mutanen da a 1995 suka zauna takanas suka ƙara n guda a rubutun pannenkoek, sunan wainarsu ta fulawa, su ne kake zaune a cikinsu, amma ba ka koyi kishinsu ba. Ranar Juma'a da aka ba ni amaryata a waya, ta ce tana son miyar kuka, sai ta ɗaga muryar har ƙarshe, kukan hawaye ya fito. Innarka dariya ta yi. Ni ban runtsa ba. Yarinya 'yar shekara 5 ta san inda ake danna murya a Holanci, amma ba ta bambance garin tuwo da garin Kano? An ce ma a gida Holanci kuke yi mata. Laifinka ne, kada ka ɗora wa matarka.

Kun sha cewa na cika tsanani, har bulala kan lanƙwasar ƙ. Na yi, kuma da ita kake rubuto mini yau.

Na san sanyi da aiki sun yi muku yawa. Allah ya yi muku albarka. Kawunka zai dawo da kuka da daddawa. Ka sa ta faɗi sunan kowanne a saƙon murya, in ji da kunnena.

Babanka