Gaisuwar Sallah daga Kan Ruwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baba da Umma, da Yaya, da Auta, da dukan mutanen gida.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya kamar yadda nake, ina yi muku barka da Sallah. Allah ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, ya nuna mana ta baɗi da rai da lafiya. Da yammacin ranar Idi nake wannan rubutu, a zaune a bayan jirgi, takarda a kan gwiwa. In kun ga layi ya karkace, laifin igiyar ruwa ne.

Umma, daren ashirin da bakwai kin yi min wata tambaya, kafin in buɗe baki waya ta katse. Cewa kika yi, in na kwanta ciwo a tsakiyar ruwan nan, wa zai ce min sannu? Tun ranar abin ke cina, don amsar ta fi ƙarfin minti biyu na waya.

Bari in fara da inda nake, tunda Baba kullum cewa kuke "can wajen Sin". Sunan wurin Langkawi, tarin tsibirai ne 99 a jihar Kedah, arewacin Malesiya, dab da iyakar Tailan. Mafi yawan mutanen Musulmi ne, in iska ta juyo daga tudu har cikin jirgi nake jin kiran sallah. Jirgin da nake aiki a ciki tsawonsa mita 12, na wani dattijo ne ɗan Holan da matarsa. Iska ce ke tura shi, da manyan ƙyallaye biyu da ake ɗagawa a jikin doguwar sanda. Inji na nan, amma sai shiga tasha ko in iska ta kwanta. Ni ke kula da injin da wutar sola, in tafiyar dare ta kama kuma in karɓi rabona na gadi. Gudunmu bai cika wuce kilomita 9 a awa ba, Auta da kekensa zai bar mu a baya. Daga nan zuwa tsibirin Phuket na Tailan mil 120 ne da 'yan kai, mil na teku, wanda kowanne mita 1,852 ne. Mai gaggawa zai yi ta a yini da kwana. Mu sai mu ci mako biyu, yau a gindin wannan tsibiri, jibi a wancan.

Ba mu kaɗai ba ne a wannan yawo. Duk lungun da muka saki anka, wato ƙugiyar ƙarfen da ke riƙe jirgi a ƙasan ruwa, za mu tarar da jirage biyar, goma, wani lokaci talatin, kowanne da tutar ƙasarsa. Akwai tsofaffin da suka yi ritaya suka sayar da gida suka sayi jirgi. Akwai miji da mata da 'ya'ya ƙanana, uwa na koya musu lissafi a kan teburin cin abinci. Akwai masu hali, jirginsu har da injin wanki, akwai kuma wanda in ka ga nasa sai ka ce Allah ne kawai ke riƙe da shi a saman ruwa. Da sunan jirginka ake kiranka, har ka yi wata uku da mutum ba ka san sunan mahaifinsa ba. Ban taɓa jin an tambayi wani aikin da yake yi a da ba. Tambaya uku ce kullum: daga ina, ina aka nufa, me ya lalace. Ta ukun ce ke haɗa zumunci, don babu jirgin da ba shi da ciwo. Gishirin teku ba ya raga wa ƙarfe.

Akwai abin da ba ya min daɗi, ba zan ɓoye ba. Rana na faɗuwa sai kwalabe su fito, wasu ba sa sanin inda kansu yake sai gari ya waye. Wani kuma zai gaya maka mahaifiyarsa na gidan tsofaffi, shekara biyu rabon da ya gan ta, yana faɗa yana dariya. Wannan har gobe na kasa gane shi. Amma da suka san ba na sha, ba wanda ya sake miƙo min. Duk jirgin da na shiga zan tarar an ajiye min ruwan kwakwa, kuma in an yi cin abincin haɗaka a bakin yashi, kowa da kwanonsa, sai wata ta ja ni gefe ta nuna min wanda zan ci da wanda zan tsallake.

Ranar da na san waɗannan mutane, wani dare ne a watan Oktoba. Maigidan da matarsa sun tafi ƙasarsu ganin jika, ni kaɗai ne a jirgi. Ƙa'idar anka ita ce, in zurfin ruwa mita 8 ne, ka saki sarƙa kamar mita 40, ninki biyar, don sarƙar ta kwanta a ƙasa ta riƙa jan ankar a kwance. Ni kuwa da na ga wurin ya cika da jirage, sai na yi rowar sarƙa, na saki abin da bai kai 25 ba. Wajen ƙarfe biyun dare hadari ya taso. Ƙarar sarƙa na gurzar ƙasa ce ta tashe ni, na leƙo na ga fitilun tudu suna tafiya. Ni ne ke tafiya, kuma duwatsu ne a bayana. Na tada inji, minti biyu ya fara kukan zafi. 'Yar farfelar robar da ke jawo ruwan sanyaya shi ta tsinke, a wannan daren, cikin dukan dararen Allah.

Kowane jirgi na da rediyon oba-oba, kuma layi na 16 na neman agaji ne a duk tekunan duniya. Ban san me na faɗa ba. Abin da na sani, kafin in ajiye abin magana fitila mai ƙarfi ta hasko ni daga jirgin wata tsohuwa 'yar Ostareliya da ke yawo ita kaɗai, tana gaya min a nutse mita nawa ya rage tsakanina da dutse. Sai ga ƙaramin kwalekwalen roba yana tsalle a kan igiyar ruwa. Wanda ke ciki wani Bafaranshe ne da na yi mako uku ina gaishe shi yana amsawa da hanci, har na sa shi a layin masu ƙin baƙar fata. Ga shi nan daga shi sai gajeren wando, tocila ɗaure a goshi, ruwa na dukansa. Ya kafa hancin kwalekwalensa a jikin jirgi yana turawa da ɗan injinsa, wani saurayi da ban taɓa gani ba ya hau ya taya ni ɗauko anka ta biyu, suka kai ta can gaba suka saki. Sai da ta kama sannan na ji ƙafafuna na rawa.

Da safe na je da kuɗi a ambulan. Bafaranshen ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce in mayar aljihu, bashin ba nasa ba ne, akwai jirgin da zan tarar a gaba. Ya juya ya ci gaba da goge ƙarfensa, ko ruwa bai ba ni ba. Bayan wata biyu kuwa na tarar da jirgin, a Phang Nga ta Tailan, na wasu Jamusawa masu yara biyu, ruwa ya shiga tankin gas ɗinsu. Na yini kwance a ramin injinsu ina tacewa. Da matar ta ɗauko jaka, na ji bakina na maimaita maganar mutumin nan kalma da kalma.

Yanzu ga abin da na ɓoye muku, ku yi min afuwa. A watan Janairu zazzaɓin denge ya kwantar da ni, wanda sauro ke kawowa. Kwana shida ban san gabas ba. A jirgin da ke kusa da mu akwai wata ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, 'yar Suwidin. Ita ta fizge asfirin daga hannuna, ta ce da wannan ciwo yana iya sa zubar jini, farasitamol kaɗai da ruwa mai yawa. Safe da yamma sai ta tuƙo kwalekwale ta zo, ta danna min farce, ta duba dasashina, ta rubuta yawan ruwan da na sha a bayan kwalin shayi. Ranar huɗu ta ce a'a, sai asibiti. Mutum huɗu suka sauke ni cikin kwalekwale kamar buhu, aka kai ni Kuah, babban garin tsibirin, aka yi min ƙarin ruwa. Yaran Jamusawan suka zana min kifi mai murmushi suka manna a saman gadona. Umma, masu cewa sannu sun yi yawa har sai da maigida ya rataya takarda a hana shigowa bayan isha.

Na warke sarai, kada ki sa komai a ranki. Har ƙiba na yi.

Azumi a kan ruwa da nasa abin dariya. A nan alƙibla yamma take, ta ɗan karkata arewa, wajen digiri 292 a kamfas. Baba, ni da na tashi ina jin "fuskanci gabas", sai da na yi wata guda kafin zuciyata ta yarda. Ga shi jirgi a kan anka ba ya tsayawa wuri ɗaya, duk inda iska ta juya nan yake bi. Sai in kabbara ina kallon wani tsauni, in sallame ina kallon wani. Na tambayi limamin wani ƙauye, ya ce in daidaita gwargwadon iyawata, Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba za ta iya ba. Tsohuwar nan ta Ostareliya kuwa, na'urarta na nuna mata mintin faɗuwar rana, sai ta mai da shi aikinta. Kullum in lokaci ya yi zan ji muryarta a oba-oba tana kiran jirginmu, wai a gaya wa yaron nan ya sha ruwa. Nakan jira kiran sallah daga tudu, amma ban taɓa gaya mata ba.

Ita ce ma ta kai ni Idi yau. Ga wani abu da ban sani ba sai da na zo teku: tsayuwar wata da cikarsa su ne lokacin da ruwa ke cikowa sosai ya kuma janye sosai. Kenan duk safiyar ƙaramar Sallah haka za ta kasance. Mun taso da sassafe, ni da fararen kayana da na yi kwana uku ina ɓoyo daga man inji, muka tarar teku ya ja baya, tsakaninmu da busasshiyar ƙasa taɓo ne kamar tsawon filin ƙwallo. Na tsaya ina kallon wandona. Matar nan mai shekara saba'in da wani abu ta dire cikin taɓon har gwiwa, maigida ya bi ta, suka ce kada in kuskura in motsa. Haka suka ja kwalekwalen ina zaune a ciki riƙe da takalma, kamar wani basarake, masunta na tsaye suna ta dariya. Kunya ta ishe ni, amma na isa masallaci fes.

Bayan an sauko, mutane na ta rungumar juna suna cewa "Selamat Hari Raya, maaf zahir dan batin", wato barka da Sallah, a yafe min na fili da na ɓoye. Wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce sai gidansa, don a nan ranar Sallah ƙofa a buɗe take ga kowa. Na ce ina da mutane a bakin ruwa. Ya aika jikansa da babur. Suka zo da busasshen taɓo a ƙwauri, aka zuba musu ruwa a buta, aka shimfiɗa musu tabarma. Na daɗe ban ci abinci da daɗi irin na yau ba.

Sai dai wannan zumunci iska ke da iko da shi. Daga Nuwamba zuwa Afrilu tana busowa daga arewa maso gabas, teku ya kwanta. Daga Mayu zuwa Oktoba ta juyo daga kudu maso yamma da ruwan sama. Masu son tsallaka Tekun Indiya dole su tashi a Janairu ko Fabrairu, su nufi Galle a Siri Lanka, tafiyar mil 1,100 ko kusa da haka, kwana tara ko goma ba ganin ƙasa. Daga can wasu su bi Bahar Maliya, wasu su gangara Afirka ta Kudu. Ma'aikaciyar jinyar ta tafi ranar da na cika mako biyu da miƙewa. Mun tsaya a kan jiragenmu muna busa ƙaho har ƙyallenta ya zama ɗigo. Bafaranshen ko sallama bai yi ba. Na tashi da asuba na ga wurinsa wayam, sai da na sauka kwalekwale na tarar da ƙunshi a leda: sababbin farfelun roba guda biyu, daidai lambar injinmu. Yaushe ya duba lambar, Allah masani.

Mako mai zuwa za a ɗaga jirgin a kai shi tudu kafin damina, mu kankare ƙwarin da suka manne a gindinsa mu shafa sabon fenti. Zan yi kamar wata guda a wuri ɗaya, kuma akwai sabis mai kyau, don haka ku saurari kirana ranar Juma'a. Muna gabanku da awa 7, in na kira bayan isha ta nan zai zo muku wajen azahar. Yaya, saƙon da na turo ya kamata a ce ya shiga, ka raba yadda muka yi magana, kada a manta da Goggo. Auta, akwai wani ƙauyen Musulmi a Tailan, Koh Panyi, gidajensa a kan turaku cikin ruwa, har filin ƙwallonsu a saman ruwa yake yawo. Na ɗauko maka hotonsa, amma sai na ga sakamakon jarrabawa.

A gaishe da Kawu da iyalinsa, da maƙwabta, da duk wanda ya tambaye ni. Baba, Umma, ku yafe min na fili da na ɓoye, ku ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
Ɗanku.