Rahoton kwamitin gyaran gadar katako ta bakin tabki

Assalamu alaikum jama'ar unguwa. Alhamdulillahi aikin gada ya ƙare, tun ranar Alhamis ƴan lakol ke bi ta kai ba sai sun zagaya ta bayan masallaci ba, to ga bayanin abin da muka yi da kuɗinku.

Da farko mun zaci katako biyar ne kawai suka lalace, wajen da ƙafar wata yarinya ta zurma bara da damina. Da minize, wato kafinta, ya ɓanɓare na farko wallahi sai kowa ya yi shiru, sama lafiya lau kamar sabo amma cikinsa gara ta cinye ya zama gari, da yatsa ma kana huda shi, kuma duk inda ƙusa ta shiga ta yi tsatsa ramin ya buɗe, ruwa na kwanciya ciki. Haka muka bi ɗaya bayan ɗaya ana ƙwanƙwasawa da guduma, wanda ya yi ƙarar ganga a cire, ƙarshe 23 muka cire cikin 40.

Baba Alhaji, wanda ya yi shekaru yana dakon kaya tsakanin Damagaram da Lome, shi ya hana mu maida ƙusa. Ya ce ku je ku ga tsohuwar gadar jiragen ruwa da Jamusawa suka gina a bakin tekun Lome a 1904, gishiri ya ci ƙarfen, yau sai kufai a cikin ruwa. Mu nan ba teku amma ruwan tabki da gara sun ishe mu. Shi ya sa muka sa bulon, wato ƙusa mai noti, irin wanda ba ya tsatsa, ya fi tsada kam. Ginshiƙan ƙasa kuma azarar giginya muka sa don gara ba ta cika son ta ba, aka ɗora kan siminti kada su taɓa ƙasa, aka shafe komai da baƙin mai, aka bar ƴar tazara tsakanin katako don ruwa ya riƙa zuba. Mai walda ya yi abin riƙewa gefe biyu saboda tsofaffi.

Kuɗi: an tara jika 310, adashin mata kaɗai ya kawo jika 60, Allah ya saka. An kashe 287, saura 23 suna hannun ma'aji, rasit duk suna wajen mai unguwa ga mai son gani.

Sai maganar da ba ta da daɗi. Ƴan kabu-kabu da ƴan garuwa don Allah ku daina hawa, kura mai bido goma cike da ruwa ba nauyin gadar ƙafa ba ne, jiya ma mun ga sawun taya. Mun kafa turke biyu a kowane baki.

Za mu sake bi da guduma a watan Mayu kafin ruwan farko. Wanda ya ji katako na motsi ƙarƙashin ƙafarsa kafin nan ya faɗa wa mai shayin bakin gada, shi ke riƙe da sipana.