Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Kalmar "Front"

Assalamu alaikum Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ya aiki, ya zaman Abuja? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ƙafar mahaifiyarka ta yi sauƙi, har ta koma zuwa Islamiyya.

Tun da muka yi waya shekaranjiya hankalina bai kwanta ba. Na ji murna a muryarka, shi ya sa ban tari numfashinka ba, na ce Allah ya sa alheri, muka yi sallama. Amma kalma ɗaya ta tsaya mini a rai. Ka ce ubangidan abokinka, wanda ke aikin gwamnati, zai buɗe kamfani, kuma yana son ka zama masa "front". Da na ce me ke nan, sai ka ce ai shugaba, kai ne za ka kasance a gaba. Babana, shekara 35 na yi da alli a hannuna ina koyar da Turanci. Kalmar nan ta fi yadda ka ɗauke ta faɗi, don haka ka samu wuri ka zauna ka karanta wannan a natse.

Asalinta goshi ne. Daga Latin ta fito, inda ake cewa "frons", ta bi ta Faransanci ta shiga Ingilishi shekara 700 da wani abu da suka wuce. Har gobe a Faransanci goshi take nufi, ka tambayi 'ya'yan kawunka na Maraɗi za su gaya maka. Kuma ba abin mamaki ba ne, don mu ma haka muka yi da namu goshin. Muna cewa goshin magariba, goshin azumi, goshin jirgi, wato abin da ido ya fara cin karo da shi, ko abin da ya fara isowa. Haka Bature ya ja kalmar daga fuskar mutum ya kai ta fuskar gida, da shafin farko na jarida, da teburin karɓar baƙi a otal, da kujerun gaba na majalisar Birtaniya inda ministoci ke zama. Wannan ma'anar ce ka sani, ita ce ta faranta maka rai, kuma ban ga laifinka ba.

Akwai wani darasi da nakan yi wa 'yan aji uku duk shekara. Sai in zana mota a allo, in rubuta jimla biyu a ƙasa: "in the front of the car" da "in front of the car". In ce a nuna mini bambanci. Yara su yi ta zare ido, don ƙaramar kalma ɗaya ce tak ta raba su. Sai in zana mutum a zaune kusa da direba, in ce ga na farko. In zana wani a tsaye kan titi mota na tunkararsa, in ce ga na biyu. Dukansu suna gaba. Zanen nan shi ya dawo mini da muka ajiye waya, domin har yanzu ban san ko cikin motar mutumin nan zai sa ka ba, ko a gabanta zai tsayar da kai.

Ka kuma tuna a bakin soja "front" bakin daga ne. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, an haƙa ramuka tun daga gaɓar teku a Beljiyam har iyakar Suwizalan, tsawon kimanin kilomita 700, aka kira wurin "Western Front". A ranar 1 ga Yuli 1916 kaɗai, ranar farko ta gwabzawar kogin Somme, sojan Birtaniya sama da 19,000 suka mutu. Waɗanda suka tsara harin suna can baya gaban taswira. Ina yaro akwai wani tsoho a unguwarmu da ya je Yaƙin Bama. Kullum da la'asar yakan shimfiɗa buzu a ƙofar gida, yana goge lambobinsa da toka, ga wani tabo tun daga kunne har wuya. Mun taɓa tambayarsa ko a sahun gaba yake, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce wanda aka sa gaba ba don an fi sonsa ba ne. Sunan rundunarsu ma, Royal West African Frontier Force, daga wannan saiwa ya tsiro, don "frontier" iyaka ce, inda ƙasa ke fuskantar ƙasa.

Daga yaƙin ne masana yanayi na birnin Bergen a Norwe suka aro kalmar, jim kaɗan bayan an ajiye makamai, suka raɗa wa layin da iska mai sanyi ke karo da mai ɗumi. Mu ma muna da irinsa a samanmu, inda busasshiyar iskar Sahara ke haɗuwa da iska mai laima daga teku, kuma hawansa arewa shi ke kawo mana damina. 'Yan siyasa su ma sun ɗauka, suna nufin haɗin gwiwar mutane da suka yi sahu ɗaya. Da wannan suna 'yan Aljeriya suka fara yaƙin neman 'yanci a 1954, kuma a nan gida NEPU ta Malam Aminu Kano da UMBC ta Joseph Tarka sun haɗu a Northern Progressive Front kafin zaɓen 1964. A duk waɗannan, kowa fuskarsa a buɗe take, an san wanda ya tsaya da abin da ya tsaya a kai.

To, ga ma'anar da ta hana ni barci. Idan Bature ya ce shago kaza "front" ne, yana nufin labule ne. Ana sayar da taya ko burodi a waje, ainihin harkar tana can ciki. Idan kuma ya ce wane "front" ne na wane, to sunan na farko ne a takarda, dukiya da iko kuwa na mai ɓoye fuska ne. Ba girmamawa ba ce, Babana. Kuma a bakin mutumin da ke cin albashin gwamnati, wannan ma'anar ce ta fi kusa, domin kundin tsarin mulki na 1999 ya hana cikakken ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci na kansa, in ban da noma. Shi doka ta ɗaure masa hannu, shi ya sa yake neman aron naka.

Na ga irin wannan da idona. Wani abokin aikina, malamin lissafi, mutumin kirki da ko allin makaranta bai taɓa kaiwa gida ba, surukinsa ya roƙe shi ya ba da suna a buɗe kamfanin kwangila. Ana ɗan ba shi na cefane duk wata, yana ta godiya. Bayan shekara 4, wata rana da sassafe ya yi mini sallama, riƙe da baƙar leda cike da takardu, ya ce in karanta masa, shi idonsa ya ƙi gani. Muka zauna a zaure. Bashin banki ne, da sammaci kan aikin da aka karɓi kuɗinsa ba a yi ba. Kowane shafi na buɗe, ga sa hannunsa a ƙasa. Na duba daga farko har ƙarshe ina neman sunan surukin, ko sau ɗaya ban gani ba. Shayin da aka kawo masa har ya huce bai taɓa ba, sai juya hularsa yake a hannu yana cewa, "Malam, wallahi ko ofishin ban san inda yake ba." Na san gaskiya yake faɗa, amma takarda ba ta san haka ba. Gonarsa ta gado ce ta tafi, kuma gidajen biyu har yau ba sa ga maciji. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Daga na gaba ake gane zurfin ruwa.

Yau ma abin ya fi da tsanani. Asusun banki a ɗaure yake da lambar BVN ɗinka da zanen yatsunka, duk kuɗin da ya shiga ko ya fita kai za a tambaya. Dokar kamfanoni ta 2020 kuma ta wajabta a bayyana wa hukumar rajistar kamfanoni ainihin wanda ke juya kamfani. Ka ga idan ka ɓoye shi, tun ranar farko ka fara da ƙarya a rubuce.

Ban ce mutumin nan mugu ba ne, ban san shi ba, kuma zato zunubi. Mai yiwuwa yana nufin ka zama fuskar kamfanin da gaske, kai ke ganawa da mutane, kai ke tafiyar da aiki. In haka ne, tambaya ba za ta ɓata masa rai ba. Ka je ka same shi cikin ladabi, ka ce kana son sanin sunan wa za a rubuta a matsayin mai kamfani, daga ina jarin ya fito, wa zai riƙa sa hannu a fitar da kuɗi, kuma wace ma'aikata za a riƙa yi wa kwangila. Idan wadda yake aiki a ciki ce, ba sai ka ƙara tambaya ba. Ka lura da fuskarsa lokacin da kake magana. In ya ce ai ba a yi wa manya irin wannan tambaya, ko ya ce kai dai sa hannu kawai, sauran a bar masa, to ka yi masa godiya ka tashi. Turawan suna da wata magana daga wannan kalma dai, "up front", wato a faɗi komai tun farko ba rufa-rufa. Abin da za ka nema a wurinsa ke nan. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hore mu da barin abin da muke kokwanto a kansa zuwa wanda ba ma kokwanto.

Na san albashinka ba ya kai ka ƙarshen wata, na san kuɗin haya ya matso, kuma maganar aurenka na ranka. Ban raina wannan damuwa ba, na ɗanɗana ta. Na yi magana da mahaifiyarka, mun yarda a sayar da bijimi ɗaya bayan kaka a rage maka nauyin hayar. Sunan da kake ɗauke da shi na mahaifina ne, shi ya sa ban iya kiranka da shi, kuma ba na son in gan shi a ƙasan takardar da ba ka san abin da ke cikinta ba.

Kada ka ba kowa hoton katin ɗan ƙasarka ko lambar BVN, kada ka sa hannu a komai, ko da an ce fom ne kawai. In ya riga ya ba ka takardu, ka zo da su ranar Juma'a mu karanta tare, layi bayan layi, sannan mu kai wa lauya ya duba. Mahaifiyarka ta ce ka taho da robar da ta zuba maka yaji, za ta sake cika maka. Ƙannenka duk suna gaishe ka.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare gabanka da bayanka.

Mahaifinka.