Zuwa ga kamfanin da ya birkita mana fuskar kwamfuta, ya ce in nemo yaro ya koya mini

Damagaram, 11 ga Fabrairu 2026

Ranka ya daɗe shugaban kamfani, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Jiya Talata, 10 ga wata, da ƙarfe 11 da minti 20 na safe, ma'aikacinku ya kashe mini waya ina tsakiyar magana. Shi ya sa na ɗauko zancen nan daga akwatin saƙonku, inda ya yi kusan wata guda ba wanda ya tanka, na kawo shi bainar jama'a. Ban kama sunan kamfaninku ba. Kun san kanku, waɗanda suka sayi kayanku a garin nan su ma sun san ku.

Ni mai shagon buga takardu ne, ba nisa da kasuwar Dole. Tun 2006 nake wannan sana'a. Muna buga takardar neman aiki, katin ɗaurin aure, memuwa (kundin kammala karatu) ta ɗaliban Jami'ar André Salifou, da ƙananan littattafan yaƙi da jahilci da Hausa waɗanda wasu ƙungiyoyi ke kawo mana. Da la'asar kuma ina koyar da kwamfuta, yara da manya. Kwamfuta takwas gare ni, duk tsofaffi ne, amma suna ci da mu.

Yadda aka yi muka haɗu da ku ba ɓoyayye ba ne. An sanar cewa ranar 14 ga Oktoba 2025 za a daina kula da Windows 10, shi kuma Windows 11 yana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda injinana ba su da shi. Ana cikin haka wakilinku ya zo daga Yamai da babbar manhajarku. Ya ce a kan Linux kuka gina ta, kuka yi mata sutura daidai da ƙasarmu: ba nauyi, tana jin Faransanci, kuma haruffan Hausa suna nan a kilabiye. Ranar 6 ga Oktoba na biya jika 15 kan kowace kwamfuta, jika 120 ke nan, na ƙara jika 60 na abin da kuka kira kulawar shekara guda. Sefa dubu 180 cif. Rasit ɗin yana gabana yanzu da hatiminku. Kuma tsakani da Allah, wata uku na farko ban da abin cewa. Har mutum biyu na tura muku.

Sai safiyar Litinin 12 ga Janairu. Muka buɗe shago, muka kunna injina, muka tarar da wata aba daban. Babu wanda ya tambaye mu, babu wanda ya gargaɗe mu. Sabuntawar ta sauko da kanta, kusan giga 2 a kowace kwamfuta, ta cinye intanet ɗin da na saya na wata guda kafin azahar. Wannan ma da sauƙi, kuɗi ne, ana nema.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maɓallin da ake buɗe komai da shi. Da yana can lungun ƙasa na hagu. Kuka ɗauke shi, kuka jera gumaka a tsakiyar allo, kuma jerin yana matsawa duk lokacin da aka buɗe sabuwar taga. Yallaɓai, ba ado ne ya sa aka ajiye shi a lungu ba. Kibiyar linzami ba ta wuce lungun allo, ko da ido rufe mutum ya tura hannu, can za ta tsaya. Masana sun san wannan tun binciken Paul Fitts na 1954: abin da yake ƙarami kuma da nisa ya fi wuyar kamawa. Ni ban buƙaci littafi ba ma, hannun ɗalibaina ya nuna mini. Matar da ba ta taɓa riƙe linzami ba, a ranar farko nake ce mata tura shi ƙasa hagu har ya ƙi tafiya, sannan ki danna. Ta yi, ta yi murmushi, tsoron injin ya fita daga ranta. Yanzu me zan ce mata? Nemi ɗigo tara a tsakiya, wanda jiya yake nan yau ya gusa? Ko kamfanin da ya fi kowa girma a wannan fage ya taɓa cire maɓallin nan a Windows 8 cikin 2012, jama'a suka ƙi, ya dawo da shi a 2013, ya maido da jerin gaba ɗaya a 2015. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amma ku ba ku duba ba.

Sannan kuka goge rubutun da ke ƙarƙashin gumaka. Hoto kawai ya rage, hotunan kuma duk launi ɗaya, siririn zane kamar an ja da allura. Na adana aiki da na saukar da fayil kusan iri ɗaya ne. Sai an ɗora kibiya a kai an jira kafin suna ya fito. Rubutun cikin tagogi kuwa toka-toka ne a kan fari. Akwai wani dattijo, tsohon mushe da ya yi shekaru yana koyarwa a lakwal, yana zuwa wurina don ya rubuta tarihin zuriyarsu da hannunsa. Ran nan na gan shi ya cire tabarau, ya goge da bakin rawani, ya mayar, ya kusanto har hancinsa na neman taɓa allo. Daga baya ya juyo ya ce mini, "Ɗana, idona ne ya ƙara mutuwa ko?" Ba idonsa ba ne. Ƙa'idar da duniya ta amince da ita ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1, naku ko kusa bai kai ba, balle a shago mai buɗaɗɗiyar ƙofa, ga hasken rana, ga ƙurar hunturu ta kwanta a gilashi. Ya yi mako biyu bai dawo ba.

Tagar buga takarda ita ce ta jawo mini asara ta zahiri. Allunan injinana ƙanana ne, masu ɗigo 1366 bisa 768, kamar yawancin waɗanda ake samu a kasuwanninmu. Kun ƙara wa tagar tsawo da sarari har maɓallin bugawa ya faɗa ƙasan allo, ba a ganinsa. Sandar da ake ja a gefe kuma kun mayar da ita kamar zare, tana ɓuya sai an laluba. Yarinyar da ke mini aiki, wadda take buga shafi cikin minti kaɗan ba ta kallon yatsunta, na same ta ta dafe kai, mutum shida na tsaye a bayanta. Da muka gano hanyar, sai ga wata sabuwa: kun mayar da girman takarda zuwa na Amurka, wanda ya fi A4 faɗi kuma ya gaza shi tsawo. A4 milimita 210 ne bisa 297, ita kaɗai ake sayarwa a nan. Wani ɗalibi ya kawo memuwarsa mai shafi 84, kwafi huɗu, za a kai wa malamai washegari. Duk shafukan suka goce, lambobin da ke cikin jerin babi suka daina dacewa. Shafi 336 na sake bugawa da takardata da tawadata, ban karɓi ko dala a hannunsa ba, don ba laifinsa ba ne. Kuma duk lokacin da aka kashe injin aka kunna, sai ya koma na Amurkan.

Sauran ƙananan ba zan tsaya a kansu ba: wurin cire kile, ɗan filashin nan da ake ɗaukar fayil da shi, cikin aminci ya shige ƙarƙashin danni uku, tagogi suna rawa kafin su buɗe a injin mai giga 4, kuma in aka ɗauke wuta aikin da ake ciki ba ya dawowa kamar da.

Amma haruffan Hausa, wannan ba ƙarami ba ne, kuma a kansa ne na ba ku kuɗina tun farko. Da in aka haɗa maɓallin AltGr da k sai ƙ ta fito, haka ɗ da ɓ da ƴ. Yanzu wannan haɗin wani abu daban yake buɗewa, tsarin Hausan ya ɓace daga jerin harsuna ɗungurungum. A cikin sunayen fayil kuma, duk inda ƴ take sai ɗan akwati fanko. Wataƙila a ofishinku ana ganin lanƙwasa ce kawai a kan harafi. To baƙi daban, baki daban. Ƙafa daban, kafa daban. Ƙasa ba kasa ba ce. Littafin da za a koya wa manya karatu da shi, in aka cire masa waɗannan, an koya musu kuskure ke nan da hannunmu. Ƙungiyar da ta ba ni aikin littafi mai shafi 40 ta gaji da jira, ta janye. Haruffan nan huɗu sun daɗe a cikin Unicode, tsarin haruffan da kwamfutocin duniya ke bi, ba ƙirƙiro su za ku yi ba, ku da kanku kun sa su a baya. Kuma a ƙasar da dokar sake gina ƙasa ta watan Maris 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, kamfanin ƴan ƙasa ne ya cire Hausa daga kilabiye bai ko lura ba.

Na rubuta muku tun makon farko. Na sake rubutawa, har da hotunan allo. Na kira ban san sau nawa ba, wani lokaci waya ta yi ta ƙara har ta gaji, wani lokaci a ce mai kula da wannan ya fita, wani lokaci a ce an tura wa masu fasaha. Wakilin da ya sha shayi a shagona ya daina ɗaukar lambata.

Jiya ne aka haɗa ni da wanda aka ce shi ne babban mai kula da abokan ciniki. Na sa wayar a lasifika don ina riƙe da linzami, ina so in bi abin da zai ce. A shagon akwai yarana biyu, da dattijon nan da ya dawo a karon farko, da wata baiwar Allah mai jiran katin suna. Na gaishe shi, na faɗi lambar rasit, na fara da maganar A4. Ban kai ƙarshe ba ya katse ni. Ga abin da ya ce, ban ƙara ba ban rage ba: "Malam, duk Yamai ba wanda ya kawo kuka sai ku. Ku mutanen can ciki ba ku son ci gaba. Ka nemo yaro ya koya maka." Na ce masa, "Ɗan'uwa, shekara 19 ina koya wa yara wannan aiki." Ya ce, "To ka ci gaba da koyo." Ya kashe. Minti 4 da daƙiƙa 10, yana nan a tarihin kiran wayata. Shagon ya yi tsit. Dattijon ne ya fara magana, ya ce in yi haƙuri. Na yi, amma haƙuri bai hana a faɗi gaskiya ba.

Ga abin da nake nema. Ku ba mu hanyar komawa tsohuwar fuska, ko ku sa zaɓi a fili wanda mutum zai danna ya maido da maɓallin lungu da rubutun ƙarƙashin gumaka. Ku dawo da haruffan Hausa inda suke, ku gyara ƴ. A4 ta zama ita ce ta asali kuma ta zauna. Kada wata sabuntawa ta ƙara sauka sai an tambayi mai injin, an gaya masa nauyinta, kuma a iya saukar da ita sau ɗaya a raba wa sauran injina da kile. Ku maido mini jika 60 na kulawar da ban gani ba, da jika 22 na takarda da tawada da intanet. Shi kuma wanda ya yi mini magana jiya, ina son takardar ban haƙuri da sa hannunsa, don a gaban mutane ya yi.

Kuma ku daina cewa mu kaɗai muka yi kuka. Na zagaya. Masu shaguna irin nawa a Birni da Sabon Gari, da wani mai makaranta mai zaman kanta, duk abu ɗaya suke fama da shi, sun dai gaji da kira ne. Abin da na fahimta shi ne, kun zana wannan fuska a kan manyan alluna sababbi, a ɗaki mai sanyi, da intanet da ba ya yankewa, kuka ga ta yi muku kyau, kuka turo. Ba wanda ya hau mota ya yi tafiyar kusan kilomita 900 ya zauna wuni ɗaya a shago irin namu ya ga yadda hannu ke tafiya a kan linzami. Ranar karɓar kuɗi kun san hanyar Damagaram sarai, ba a kira mu mutanen can ciki ba a ranar. Da aiki ya lalace ne muka zama marasa son ci gaba. Mu ne muka fara yarda da ku a lokacin da mutane ke cewa kayan gida ba ya ƙarko, ni da bakina na kare ku.

Na ba ku zuwa ranar Juma'a 27 ga wannan wata. In ban ga amsa a rubuce ba, ni da sauran masu shagunan za mu haɗa rasit ɗinmu mu kai wa masu kare haƙƙin mai saye, kuma wasiƙa ta gaba za ta fito da sunanku a samanta. Shagona a buɗe yake daga ƙarfe 8 na safe, in kun turo mai fasaha akwai kujera kusa da injin na uku, wanda ya fi wahalar da mu.

Wassalam.

Mai shagon buga takardu da koyar da kwamfuta,
Damagaram